Tsibirin da Ya Tare Hanyar Bol

Tsoho Mbodu ne ya fara ganinsa, tun mai jirgi bai ɗago kai ba. Haka yake faɗa har yau, kuma ba ya son gardama. Iska ta turo tsibirin ciyawa, irin masu yawo a kan tafki, ya toshe mashigar garin Bol kamar an sa wa tulu marfi.

Kime, mai jirgin, ya kashe inji. A tsakiyar kwale-kwalen Yakura, autar Mbodu, tana kwance tana cizon gefen zane. Tun jiya take naƙuda, ungozoma ta ce sai asibiti.

"Kana barci da ido buɗe!" in ji Mbodu. "Ni da na ga tafkin nan ya ƙafe ya dawo, ciyawa ce za ta tsare ni? Tura!"

Suka tura da gora har gumi ya wanke su. Tsibiri ko gezau. Sai iska ta juya zai matsa, iska kuwa ba ta karɓar umarnin kowa.

Kime ya share fuska. "Baba, akwai wata hanya ta cikin ciyawar kacalla. Tana ɓullewa bayan kasuwar kifi."

"A ina ka san ta?"

Kime ya sunkuyar da kai. Amsar ke nan. Ya taɓa bin mutanen daji, waɗanda suka ƙona tsibirinsu shekarun baya, ranar da Mbodu ya tsira rungume da kututture. Ya tuba ya dawo, hukuma ta sake shi, amma ba mai sa hannu a akushi ɗaya da shi. Yau duk jirage sun tafi su, nasa kaɗai ya rage. Shi ya sa tun fitowarsu Mbodu ke zaune yana fuskantarsa, ido a kan addar da ke gefen ƙafarsa.

"Hanyar iyayen gidanka ke nan. Ka kai musu tsoho da mai ciki tsaraba?"

"Sun bar wajen tuntuni, Baba."

"In ji kura."

Yakura ta yi nishi, ƙasa-ƙasa, ba irin na ɗazu ba. Mbodu ya ɗebo ruwa ya shafa mata a goshi. Mutumin da harsashi ya kasa samu, yau abin da ya iya ke nan.

Rana ta karkata, azahar na neman wucewa. Suka yi alwala da ruwan tafki. Jirgin siriri ne, mutum biyu ba sa jeruwa, hancinsa kuma gabas yake kallo.

"Baba, shige gaba ka ja mu," in ji Kime.

Mbodu ya dubi addar. In ya ja salla, ƙeyarsa zai ba Kime. In ya ƙi, tsohon ɗan daji ne zai yi masa liman, shi da furfurarsa.

"Wa zai ja da, kai?" Ya tsallake ƙafafun Yakura, ya juya.

Ya yi kabbara, wuyansa na tsuma. Fatiha ta farko bai san yadda ya kai ƙarshenta ba. Da goshinsa ya taɓa katako sai ya ji ruwa na lasar cikin jirgi, kacalla na shuu, wata dinya na kiran 'yar'uwarta daga nesa. Sautin da ya tashi a cikinsa tun yana tsirara, wanda rabonsa da saurara tun ranar gobara. A bayansa kuma ya ji wani sautin. Ƙato ne ke kuka a sujada, yana ƙoƙarin haɗiyewa.

Mbodu ya daɗe bai ɗago ba. Da ya sallame, bai waiwaya ba.

"Kai, ɗan nema. Ɗauki addarka ka sare mana hanya."

Suka kutsa. Kacalla ta rufe su har sama ta zama zare. Kime na sara yana turawa, Mbodu na hancin jirgi yana jan carbi, bayansa a sake.

Sun isa Bol da la'asar. Yakura ta rayu. Ɗan bai zo da rai ba, ma'aikaciyar jinya ta ce an makara. Mbodu ya zauna a gindin bishiyar asibiti. Kime ya sayo shayi kofi ɗaya ya ajiye masa, ya ja gefe. Tsohon ya kurɓa, ya miƙa masa sauran.

Nan wani soja daga bakin ruwa ya same su, masunta na biye da shi.

"An ce mashiga a toshe take tun safe. Ta ina kuka bi?" Idonsa na kan Kime. "Wa ya san hanyar?"

Kime ya ajiye kofin. Kalma ɗaya ta isa ta mai da shi hannun hukuma.

Mbodu ya miƙe, ya bugi ƙirji. "Wannan? Wannan da ko tsibiri bai gani ba sai da na nuna masa? Ni na san ta! Tun ubanka bai yi kaciya ba nake kamun tarwaɗa a cikinta."

Wani masunci ya yi dariya. "Tsoho, kai da ba ka bambance akuya da tunkiya in rana ta yi sanyi?"

Mbodu bai san ko ta ina suka shiga ba. Ya ɗaga gorarsa ya nuna tafki.

"Ga jirgi can a ɗaure. Mai shakka ya cire takalmi ya shigo, in kai shi tsakiyar kacalla in bar shi ya nemo hanyar gida. Wa zai fara?"