Garken Inna Rahma a Akwatin Gilashi

Inna Rahma dai ba don son gari ta shigo Birnin Gwari ba. Shekara arba'in ta yi a ruga, can gefen dajin Kamuku, sai da zama ya ƙi daɗi mazan gidansu suka kora shanu kudu, ita kuma ƙafa ta ƙi tafiya. Aka kawo ta gidan 'yarta Jannatu, matar Malam Sadisu mai kemis. Aka ba ta ɗaki mai fanka, aka ce ta huta. Hutun nan kuwa ya kusa kashe ta. Matar da ta saba tashi da kukan maruƙa, ga ta tana tashi da ƙarar janaretan maƙwabta.

Malam Sadisu mutum ne mai son abin da babu a gidan kowa. Ranar wata Talata ya dawo daga Kaduna da akwatin gilashi, tsawonsa ya kai hannu biyu, da ɗan inji mai hura kumfa a ruwa. Ya girke shi a falo, ya haɗa da sola. Ya zuba kifi huɗu. Ɗaya ja ce mai doguwar jela kamar ta yafa gyale, matan unguwa suka sa mata Mai Mayafi. Sauran ukun ƙanana ne, ba su wuce ɗan yatsa ba, jikinsu ruwan zuma da baƙin zane huɗu-huɗu, bakinsu ja kamar sun ci goro. Wai sunansu taiga-bab. Juwairiyya maƙwabciya ta leƙo ta ce, "Yanzu wannan ko miyar mutum ɗaya ba za su yi ba, Malam ya ɗauko su tun daga Kaduna?"

Da Malam ya fita kemis sai Inna Rahma ta jawo tabarma gaban gilashin. Kafin sati ta san kowanne da halinsa. Babban ta sa masa Wule, na tsakiya Saye, ƙaramin Nyale, sunayen shanunta na da. Jannatu ta sha jin ta tana yi musu magana da Fillanci. Abinci ma ya fara shiga cikin Inna, ita da a da sai an yi ta lallashi.

To, ashe masu zanen nan 'yan ta'adda ne. Suka sa Mai Mayafi a gaba. Wannan ya ciji jela, wancan ya zagayo ya ciji fiffike, har gyalen nan ya koma kamar tsumman goge tukunya. Ita kuma baiwar Allah sai ta laɓe bayan dutse, ko abinci ba ta fitowa ci.

Malam Sadisu ya yi abin da yake yi in yaran unguwa sun yi faɗa a ƙofar kemis: ya raba su. Ya kamo Wule ya jefa a robar wanki, wai horo. Kwana biyu Wule ya koɗe, ya ƙi cin komai, biyun da suka rage kuwa cizon nasu ya ninka. Ya mayar da Wule ya cire Saye. Duk ɗaya. Ran Litinin ya tsaya tsakar gida ya ɗaga murya, don kowa ya ji.

"Jannatu, ran Juma'a in na sauko daga masallaci, waɗannan 'yan iskan uku agwagi zan ba. Na gaji."

Inna Rahma tana ɗaki, ta ji sarai. Sai dai ina halin magana? Suruki ne. Tun da aka ɗaura auren nan ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba su taɓa haɗa ido ba. In ya zo gaisuwa daga bakin ƙofa yake durƙusawa, ita kuma ta amsa tana kallon bango. Ta kira 'yarta.

"Ke, ki ce wa mai gidan nan ba rage su ake yi ba. Ƙara su ake yi."

"Inna, uku sun hana mu sakat, ki ce a ƙaro?"

"Uku garke ne? Ki ware bijimi daga 'yan'uwansa ki gani in bai tunkuyi mai tatsa ba. Kaɗaici ne ke cin su. Ba su da na bi, ba su da na kora, shi ya sa suka huce a kan baiwar Allah."

Jannatu ta kai saƙo. Malam ya yi dariya har da riƙe ciki, amma a hankali, don kada Inna ta ji. Ta ji. Ya ce, "Ki gaya wa Inna ina girmama ta, amma kifi ba saniya ba ne." Kafin la'asar Juwairiyya ta kai zancen gida bakwai, har da ƙarin cewa tsohuwa ta nemi a saya wa kifin dusa.

Washegari da hantsi Inna Rahma ta yafa zane ta dogara sanda har tasha, ita da ba ta taɓa wuce bakin layi ba. Ta nemi Yero direba, ɗan ƙaninta, wanda ke jigilar Kaduna.

"Goggo, lafiya? Ke da kanki?"

"Lafiya lau. Gobe in ka shiga Kaduna ka je inda ake sayar da kifin kallo. Masu zane nake so, biyar. Ka duba mini masu kuzari, kada ka kwaso mini ragwaye."

"Kifi, Goggo? Na soya ko na banda?"

"Na uwarka. Masu rai, a ruwa. In ɗaya ya mutu a hanya kada ka sake gaishe ni."

Yero ya zo ran Laraba da yamma, ya rungumo leda cike da ruwa da iska kamar mai ɗauke da jariri. Ya ce tun daga Buruku bai wuce gudun keke ba, fasinjoji har zaginsa suka yi. Malam yana kemis. Jannatu ta sa hannu za ta kwance ledar ta juye, Inna ta buge hannun.

"Haka ake yi? Baƙuwar saniya a gefe ake ɗaure ta tukuna, su ga juna, su shinshini juna."

Ta ɗora ledar a kan ruwan akwatin, tana yawo a ɗaure. Yero ya buɗe baki. "Wallahi abin da mai kifin ya ce a yi ke nan, na manta ban faɗa ba." Inna ko kallonsa ba ta yi ba. Sai da ta ja carbi ƙafa uku, ta ɗan ɗebi ruwan akwatin ta zuba a ledar, ta sake jira, sannan ta sake su.

Kai, ranar an ga rikici! Wule ya tare babban baƙin, suka haɗa baki suna juyi kamar 'yan kokawa. Jannatu ta dafe kai. "Shi ke nan Inna, kin ƙara mana masifa." Malam ya dawo ya ƙirga, ya ga takwas, ya dubi matarsa, ya dubi ƙofar ɗakin surukarsa, ya haɗiye abin da ya zo bakinsa. Abin da ya iya cewa kawai shi ne, "Agwagi za su ƙoshi."

Inna kanta ranar Alhamis ba ta ci tuwon kirki ba. Tana zaune tana kallo, tana cewa a ranta shugaba suke fitarwa, in sun gama za su lafa. Amma in kifi ba saniya ba ne fa?

Ran Juma'a Malam ya sauko daga masallaci da abokinsa Nababa. Juwairiyya ta riga su shigowa, wai aron rariya ta zo. Malam ya naɗe hannun riga ya nufi gilashin, sai ya tsaya cak.

Su takwas suna tafe a jere, Wule a gaba. Su nufi gabas tare, su juyo tare, in ɗaya ya kori ɗaya sai na uku ya shiga tsakani, wasan ya watse. Zanen jikinsu ya yi baƙi wuluk, jan bakin ya ƙara fitowa. Mai Mayafi kuwa ta fito daga bayan dutse tana yawonta a sama, suka wuce ta ƙarƙashinta ko ɗaga kai ba su yi ba.

"Bari dai mu gani," in ji Malam. Ya jawo kujera. Suka zauna har aka kira la'asar, ba cizo ko ɗaya. Nababa ya ce, "Malam, yanzu wanne za a fara ba agwagin?" Malam ya harare shi.

Daga nan ya miƙe ya je bakin ƙofar surukarsa ya durƙusa, ya cire hula yana juya ta a hannu.

"Jannatu, ki gaya wa Inna... ki ce mata an bar su. Ki ce daga yau kiwonsu na hannunta."

Juwairiyya ta rangaɗa guɗa, ta fice ba rariyar, don labari ya fi ta nauyi.

Inna Rahma tana kallon bango, amma kafaɗunta na rawa don dariyar da take dannewa. Sai da ta gyara murya sannan ta ce, "Ke, ki ce masa na ji, Allah ya yi albarka. Ki kuma ce masa biyu daga cikin baƙin nan mata ne, cikinsu ya fara nauyi. Akwatin nan ya yi wa garkena kaɗan. Ya nemo babba."