Teburin Inna

Da kwamitin unguwa ya ce za a buɗe ɗakin tarihi a tsohon ofishin ruwa da ke bakin titi, Kafinta dariya ya yi. Unguwar da shi kansa ya girme ta, wane tarihi gare ta? Da idonsa ya ga wurin nan yana fili, ba komai sai ciyawa da ramukan masu buga bulo. Amma ana cewa duk gidan da ke da kayan mutanen farko ya kawo a ajiye da sunansa, sai kowa ya wayi gari ubansa ne ya sari unguwar.

Mai kyamis ne ya fara zuwa shagon Kafinta, da sabon katako a hammata, yana waige-waige.

"Allon shago nake so ka yi min, irin na babana. Amma fa ya tsufa sosai."

"Babanka ya yi shago a nan?"

"Ai ya so ya yi, Allah ne bai nufa ba."

Kafinta ya san uban sarai. Sai da aka ja wuta aka zuba kwalta sannan ya tare, har ya mutu kuma bai taɓa sayar da ko allura ba. Ya ja tsaki, amma ya karɓi aikin. Ya zane katakon da sarƙa, ya babbaka gefensa, ya huhhuda shi da ƙusa kamar gara ta ci, ya shafe shi da baƙin man da bakaniken maƙwabcinsa ke zubarwa. Sannan ya jefa shi bayan shago inda kaji ke kwana, suka ƙarasa aikin. Kafin mako ya zagayo labari ya bazu. Mai gidan burodi ya kawo benci, wata hajiya ta aiko da sabon sikeli a sa masa tsatsa. Shagon da aka sani da ƙamshin katako ya koma warin kashin kaji. Manyan mutane masu jikoki suna layi a ƙazanta musu kaya! Yana tofar da yawu, yana kuma yi.

Abin takaicin shi ne, abin tarihi na gaskiya, wani tsohon tebur, yana ɗakin mahaifiyarsa, da rediyonta da magungunanta a kai. Shekarar da babansu ya rasu, Inna ta fitar da teburin nan bakin hanya ta jera sabulu da gishiri da ashana da zare. Babu shago ko ɗaya a lokacin. Magina da leburori a wurinta suke sayayya, wanda ya ɓace hanya ita yake tambaya, har yau kuma masu motar haya suna kiran wurin "Tebur", alhali yawancinsu ba su san teburin wa ba ne. Kullum da safe kafin ta ɗora komai sai ta dirje shi da soso da rairayi. Dirzar shekaru ta sa katakon ya yi fari fat, tsakiyarsa ta lotsa kamar tafin hannu.

Inna ba mai roƙo ba ce, shi ya sa da ta kira shi ɗakinta ya san abin ya kai mata zuci.

"Na ji ana tara kayan mutanen farko. Ka kai musu wannan. Ba don komai ba, jikokina su san ba zaman banza na zo yi nan ba."

Ya ɗora shi a kai ya kai. Ciyaman, wato shugaban kwamitin, wanda ya gina gidansa bayan an gama wahala, ya zagaya teburin sau ɗaya ya taɓe baki.

"Haba, Kafinta. Wannan ai kamar jiya ka haɗa shi. Dubi allon can na mai kyamis, ka ga tarihi. Kana gani ka san ya sha duniya."

"Ranka ya daɗe, ai wancan ni na…" Sai ya haɗiye sauran.

"Baƙi za su zo daga cikin gari. Tsohon abu dole ya yi kama da tsohon abu. Ka gaida Inna."

Ya fito da teburin yana huci. Ya tsaya a mararraba: hagu gida, dama shago. Ya tuna fuskar tsohuwar da ta kwashe magungunanta ta jera a ƙasa tana murmushi. Da wane baki zai ce mata an ƙi nata an karɓi na kaji? Ya yi dama. Ya ce wa ransa kaɗan zai shafa, don dai a karɓa. Amma katakon da ya sha wanki ya bushe ƙayau, yana taɓa shi da baƙin man ya zuƙe, ya ƙara ya zuƙe. Sarƙa kam bai iya ɗagawa ba. Kajin ma sai da ya kau da kai sannan ya tura musu shi.

Da ya mayar, Ciyaman har da tafi. "Yauwa! Ashe kun ɓoye na ainihin." Aka sa shi a tsakiyar ɗaki.

Ranar buɗewa Inna ta sa zanenta na fita unguwa, ta riƙo hannun jikokinta. Ɗakin ya cika maƙil, ga zafi, ga warin nan da Kafinta ya sani ya gauraye ko'ina. Mai kyamis na tsaye gaban allonsa yana share ƙwalla. Wata malamar makaranta ta tara ɗalibanta a gaban teburin tana bayani da ƙarfi.

"Kun gani ko? A kan wannan ake sayar da gishirin da mutane ke ci. Lokacin ba a waye ba, ba a san tsafta ba. Ku gode wa Allah da ba a zamanin aka haife ku ba."

Yara suka toshe hanci suna dariya. Ƙaramar jikar Inna ma ta toshe nata.

Ciyaman ya hango su. "Ga mai teburin nan da kanta! Inna, matso a yi miki hoto da kayanki."

Ta matsa a hankali. Ta sa tafin hannunta a lotsawar nan ta tsakiya, ya zauna daidai. Ta ɗago hannun ta dubi baƙin da ya manne mata. Ba ta tambayi kowa wanda ya yi ba, don ta kwana biyu tana jin warin nan a rigunan ɗanta.

"Ni ban taɓa ɗora wa mutane gishiri a kan ƙazanta ba," ta ce, ba da ƙarfi ba, amma kowa ya ji. "Ko ranar da aka binne mijina, sai da na wanke teburin nan." Ta juya ta dubi Kafinta. "Ɗauko min abina."

Ya bi ta a baya da tebur a kai, ta gaban mai kyamis da mai gidan burodi, ba wanda ya iya haɗa ido da shi. Shi ma ƙyamar kansa yake ji fiye da tasu, don su dai ƙarya suka ƙazanta.

A tsakar gida ta ɗaura zane ta ɗebo ruwa da rairayi. Ya miƙa hannu zai karɓi soson, ta buge hannun. Ta dirza, ta ɗauraye, ta sake dirzawa, numfashinta na fita da ƙyar. Kashin kajin ya fita, ƙurar ta fita. Man bai ko motsa ba. Kafinta ya san ba zai fita ba, don dalilin da ya sa yake aiki da shi ke nan.

"Inna, ki bari in kankare samansa da inji. Wallahi zai fito fari kamar sabo."

Ta dubi lotsawar da hannunta ya yi shekaru yana yi, ruwa baƙi ya taru a ciki.

"In ka kankare, me ya rage nawa a jikinsa?"

Ta matse soson ta ajiye, ta wanke hannunta da sabulu har gwiwar hannu.

"Kai shi shagonka," ta ce. "Can ne wurin irinsa."

Ta shiga ɗaki ta zauna a bakin gado, kusa da rediyonta da magungunanta da ke jere a ƙasa.