Maƙogwaron Kawu

Shekara ashirin da shida kawuna ya yi yana zaɓen kankana a siton da nake dako. Mota ta sauke kaya, ya ɗauki kankana, ya ƙwanƙwasa mata yatsa sau biyu, ya ce "ta nuna" ko "da saura". Ba ya kuskure. In ka tambaye shi yadda yake ganewa sai ya ce, "Ita ke faɗa min."

Sai 'yar maigida ta dawo daga karatun kwamfuta da dabara. Ta ce za ta koya wa na'ura aikin nan. Wata guda tana kara waya kusa da hannun Kawu tana ɗaukar ƙarar kowace kankana, tana rubuta abin da ya ce.

"'Yar nan, wai ya za a yi ƙarfe ya koyi abu?" in ji Kawu.

"Baba, a cikin kanka akwai ƙananan jijiyoyi bila adadin, kowacce tana miƙa wa ta kusa da ita saƙo. Hanyar da saƙo ya yawaita bi sai ta yi ƙarfi. Shi aka kwaikwaya a na'urar. Ba a ba ta doka, misali ake ba ta. Ta canka, in ta faɗi a gyara mata, ta ɗan sauya, har ta iya."

"To ta san yadda take sani?"

"Ba ta sani ba."

"Ashe 'yar uwa ce," in ji Kawu.

Ranar gwaji Kawu ya ƙwanƙwasa kankana hamsin, waya ta riga shi faɗa, aka yanka, ba ta faɗi ko ɗaya ba. Maigida ya yi ta murna. Ya ja Kawu gefe ya ce ya sha wahala, daga Litinin ya je ya huta. Ya juyo gare ni: "Dogo, kai za ka riƙe wayar. Yatsa dai kana da shi."

Kawu ya naɗe tabarmarsa, ya ɗauki butarsa. Ni kuwa abinci ma bai shigu ba ranar, don mutumin nan shi ya kawo ni siton.

Litinin mota ta zo. Na ƙwanƙwasa ta farko, waya ta ce da saura. Ta biyu, da saura. Har ɗari biyu, duk da saura. Direba ya fusata ya fasa ɗaya a ƙasa, ja wur, ruwa na zuba. Na ƙwanƙwasa ɓarin, waya ta ce da saura.

"Kai Dogo, yatsanka ne ba albarka!" in ji maigida. Ya gwada da nasa, har da zobe. Da saura.

'Yarsa ta sa abin ji a kunne ta koma sauraren ƙarar da ta ɗauka. Can sai ta dafe kai ta ƙara mana sauti. Bayan ƙwanƙwasa ta farko, in kankana ta nuna, akwai wani ɗan ƙaramin "uhm" daga maƙogwaron Kawu. In ba ta nuna ba, shiru.

"Ba kankana ta koya ba," ta ce. "Baba ta koya. Ta ga alamar da ta fi sauƙi ta kama. Ƙwaƙwalwa ma haka take yi in ta samu hanya."

Na yi ƙasa da kai, don ni ma shekara shida duk lokacin da na yi bajintar canka kankana, maƙogwaron nake saurare.

Maigida da kansa ya je ya ɗauko Kawu, a gidan gaba na mota. 'Yar ta ce abin mai sauƙi ne: a sake ɗaukar ƙarar, amma Baba ya riƙe maƙogwaronsa, kada ya yi uhm ɗin nan.

"Ni nake wani uhm? Tun yaushe?" in ji Kawu.

"Tun kafin a haife ni, da alama," in ji 'yar.

Ya danne baki da hannu ɗaya, ya ƙwanƙwasa da ɗayan. Ya saurara. Ya sake. Ya girgiza kai.

"Ban ji komai ba, 'yar nan. Ashe ni ma sai na ji uhm ɗin nake sani."

Kwana uku suna fama. In ya yi shiru, ba ya ganewa. In ya gane, ya yi uhm. Kankana kuwa na jibge, masu saye na jira a bakin ƙofa. Rana ta huɗu maigida ya ce 'yarsa ta ɗauke wayar nan daga gabansa, Kawu ya koma aikinsa.

Ni ne mai miƙa masa kaya, ina durƙushe, don haka idona na kusa da ƙasa. Duk kwana ukun nan da yake rantsuwa bai ji komai ba, in kankana ta nuna, babban yatsansa na ƙafa sai ya ɗan ɗaga cikin silifa. Ba wanda ya tambaye ni, ni ma ban faɗa ba. Na dai matso da kwando na tare wajen.