Muryar Jar Motar Dogo

Karo na uku ke nan cikin wata biyu da Dogo ya kawo mini jar motarsa da ƙorafi iri ɗaya: wai muryarta ta dishe.

Ni bakanike ne, shekarata ashirin da ɗoriya a wannan garejin. Na ga masu son mota iri-iri, amma ban ga na biyun Dogo ba. Malamin makaranta ne da ya yi ritaya, zanƙalelen mutum, in zai shiga motar sai ya naɗe kansa kamar tabarma. Motar kuwa 'yar ƙofa biyu ce mai kujera biyu, cikinta kusan yana shafar ƙasa, irin waɗanda aka ƙera don gudu kawai. Ba ta ɗaukar buhu, ba ta ɗaukar iyali. Matarsa ta shiga sau ɗaya ta rantse ba ta ƙarawa. Shekara goma sha shida yana tare da ita, kuma babu noti ɗaya a jikinta da ni da shi ba mu taɓa ba.

Abin da Dogo ya yi suna da shi kunnensa ne. Agogon da ke nuna juyin inji ma manne shi ya yi da baƙin salatif, ya ce direban da sai ya kalli allura kafin ya canja giya bai san motarsa ba. Da kunne yake tuƙi. Inji na kaiwa wata murya zai taka kuloci ya wuce giya ta gaba, ba ya yin wuri, ba ya makara. Sau nawa yana zaune a bencina motar wani za ta shigo, ya ce mini, "Maigareji, duba fulogi na uku." In duba, in tarar haka ne, in yi ta jin haushi har yamma.

Zuwansa na farko na shiga ramin duba ƙarƙashin mota na leƙa salansarta, wato bututun hayaƙi, daga farko har ƙarshe. Babu tsaga, babu toshewa. Na gaya masa lafiyarta ƙalau. Ya dube ni irin kallon da yake yi wa ɗalibin da ya faɗi jarrabawa.

"Kai ne za ka gaya mini muryarta? Ta ragu, na ce maka. Cire mata tukunyar tsakiya."

Tukunyar tsakiya ita ce ke rage ƙarar hayaƙi kafin ya fita. Na cire. Gaskiya ban yi musu sosai ba, don wa ya isa ya yi wa Dogo gardama a kan sauti? Bayan sati uku ya dawo, wai har yanzu kamar an toshe mata baki da tsumma. Na kira mai walda muka sa mata bututu mai faɗi. Da muka tayar da ita sai da gilashin tagar ofishina ya yi rawa, tela maƙwabciyata ta fito da almakashi a hannu tana tambaya ko jirgi muka fara gyarawa. Dogo ya karkata kai, ya ce, "To, da ɗan dama."

Wannan "da ɗan dama" ya kamata ya tsayar da ni. Ban tsaya ba. Na ɗauka tsufa ne ya zo masa da son a kalle shi a titi.

A karo na uku tun yana shan kwanar layinmu na jiyo shi. Amma a ƙarƙashin rugugin akwai wani siririn kuka, tsiii, kamar ana goga ƙusa a jikin kwano. Boris ɗin da ke juya bel ne ya bushe. Ko wanda ya fara koyon aiki jiya zai ji shi.

Ya fito, ya miƙe ƙafafunsa, ya ce, "Yau tukunyar baya za mu cire. Ita kaɗai ta rage."

Na jira ya ambaci kukan. Na ɗauka gwada ni yake yi, don halinsa ne. Motar na kunne a gabanmu, kukan na shiga mini har cikin haƙori, shi kuwa yana shafa bonet yana ba ni labarin sabuwar tayar da ya gani.

Na ce, "Malam, ba ka ji komai ba?"

"Shi ne fa nake gaya maka. Babu murya."

A nan na fara zargin kunnensa. Duk da haka na so in ƙaryata kaina, sai na ce mu ɗan zaga in ji ta a kan hanya.

Muka hau babban titin da ke bayan masana'antu, inda muka saba gwaji. Hannunsa na nan yadda na san shi, kwana ba ta ba shi wahala. Amma da ya shiga giya ta uku sai ya zauna a cikinta. Injin ya kai muryar da ya saba canjawa, ya wuce ta, ya koma ihu, Dogo na nan ya karkata kai yana jiran sautin da ya riga ya wuce shi. Na ɗaga murya na ce, "Canja!" Bai waiwayo ba. Sai da na bugi gwiwarsa sannan ya canja, ya yi mini murmushi kamar wasa nake yi.

A hanyar dawowa wata babbar mota ta biyo mu tana danna hon, tana neman hanya. Sau huɗu na ƙirga. Dogo ya fara karkata zuwa ɓangaren da take tahowa, ban san lokacin da na cafke sitiyari ba. Ta wuce mu da iskarta, direban na ɗaga mana hannu yana faɗin abin da ba zan maimaita ba.

Da muka koma gareji ya kashe motar. Na tsaya da sifana a hannu, kuma wallahi na so in shiga ramin nan in cire masa tukunyar kawai. Aikin minti ashirin ne, ya tafi yana murna, ni kuma in huta da faɗin abin da ya fi ƙarfin bakina. Ina son mutumin nan. Shi ne ya fara kawo mini mota lokacin da garejin bai wuce rumfa da jak ɗaya ba. Amma in na cire, wata biyu zai sake dawowa babu sauran abin cirewa, in ma ya dawo ɗin.

Na ajiye sifanar. Na ja shi ofis, na rufe ƙofa, na zauna daf da shi yadda zai ga bakina.

"Malam, ba zan cire ba. Motarka ba ta taɓa ƙara kamar yanzu ba, duk unguwar nan sun shaida. Boris ɗinta na kuka tun daga bakin layi, ba ka ji ba. An yi mana hon sau huɗu, ba ka ji ba. Laifina ne da na biye maka har sau biyu, na ƙara maka abin da ke cin kunnen. Ba ita ce ta dishe ba."

Na shirya wa faɗa. Na zaci zai miƙe ya ce raini ne ya shiga tsakaninmu, ya kwashi motarsa ya kai wa wani. Sai ya zauna yana juya makullin motar a tafin hannunsa.

"Sau huɗu?" ya ce.

"Sau huɗu."

Ya gyaɗa kai. "Wata shida ke nan in uwar yara na kicin tana mini magana, sai in ce 'to' ban san me na amsa ba. Jikata ta daina ba ni labari, ta ce Kaka ba ya sauraro." Ya ajiye makullin a kan teburina, ya tura mini shi da yatsa ɗaya. "Na sani, Maigareji. Na so ne a ce motar ce, don ita ka iya gyarawa."