Kwaɗon Ƙofar Baya

Iyaye, kun gani, kun kau da kai. Kullum kuna wucewa ta bayan makarantarmu, kuna ganin sarƙa da kwaɗo a ƙofar baya, babu wanda ya taɓa tambaya.

Ni nake koyar da darasin zamantakewa a aji biyar, yara suna kirana Profe, wato malam. A da, in na buɗe taswirar ƙasarmu Peru, rabin ajin hamma suke yi. Ranar atisayen girgizar ƙasa kuwa kamar biki: a busa usur, yara su fito su tsaya cikin da'irar da aka zana a tsakar fili, shugabar makaranta Doña Hermelinda ta duba agogo, a ɗauki hoto, a tafa.

Bana muna tsaye a da'irar, ƙarar teku tana shigo mana ta kan katanga, sai ɗalibata Yarixa ta ɗaga hannu.

"Profe, in teku ya biyo bayan girgizar fa? Nan za mu jira shi a jere?"

Yara suka yi dariya.

Da muka koma aji na ajiye littafi, na ce kowa ya kai wa tsofaffin gidansu tambayar Yarixa. Kakan Yarixa, tsohon masunci Don Eleuterio, ya zo ajin da kansa.

"Ina kamar ku ƙasa ta girgiza," in ji shi. "Da ta lafa, mahaifiyata ta ɗora dankali a wuta. Bai nuna ba ruwa ya shigo."

Yaran suka dafa dankali suna kallon agogo: minti ashirin. Suka bi ta ƙofar gaba, hanyar da ta zagaya ta bakin teku kafin ta hau tudun da za a tsira a kai: minti talatin da ɗaya. Daga ƙofar baya, minti tara. Babu wanda ya yi hamma a makon nan. Su da kansu suka zana taswirar hanyoyin biyu, muka kai wa Directora, wato shugaba.

"Profe Nicanor, saboda yara masu sulalewa kallon jiragen kamun kifi na rufe ƙofar," in ji ta. "Mabuɗin yana jakata."

"Ranar da kika tafi taro birni fa, Directora?" in ji Yarixa.

"Shekara sittin teku bai fito ba, 'yata."

"To ki bar mana tukunya a fili, mu riƙa dafa dankali muna jira."

Doña Hermelinda ta naɗe taswirar ta cusa a durowa.

Tun ranar Litinin kujerar Yarixa babu kowa. Don Eleuterio ya ce jikarsa ba za ta dawo ba sai an cire kwaɗon. Yarinyar da ta tashi ajina daga barci tana gida tana gyaran taru, sauran 'ya'yanku ɗari biyu suna bayan wannan sarƙa.

Alhamis da ƙarfe huɗu akwai taron iyaye. Ku zo. Kada ku shiga ofis, ku tsaya a ƙofar baya, kuma kada ku tafi sai an buɗe ta.