Sunan da ta faɗa wa Janar

Ruwan ambaliya ya kai gwiwa a hanyar Hadejia, amma 'Yar'azumi ba ta jira kwalekwale ba. Ta tattare zane, kwandon busasshen kifi a ka. Matar ɗanta, Nuriyya, na biye da ita, ta ɗaga waya sama kar ta jiƙe.

"Inna, ɗanki fa ya ce kar a gaya wa kowa."

"Kowa daban, Janar daban. Na san uwarsa tun tana tallar nono."

Ɗanta Umara soja ne, shekara uku yana dajin gabas. Duk Juma'a yakan yi rubutu a Fesbuk da sunan Ɗan Fadama don kar manyansa su gane shi. Nuriyya ta karanta mata, ita kuma ta ji yana raye. Rubutun makon jiya ne ya hana ta zama: takalma sun yage, ruwan kududdufi suke sha, magani ya ƙare. Sai ga labari Janar, ɗan garin, ya zo jaje. Babba in ya zo gida ai gaishe shi ake yi, a kai masa kuka.

* * *

'Yar'azumi ta durƙusa a bakin tabarmar Janar, ta ajiye kifin, ta sa Nuriyya ta miƙa wayar. Janar ya daɗe yana kallo.

"Mun jima muna karanta wannan shafin, Inna. Kin san mai shi?"

"Ranka ya daɗe, ni na haife shi!"

Ya yi murmushi. "Madalla. Yaya sunansa?"

Ta waiga. Nuriyya ta sunkuyar da kai, ta ƙi faɗar sunan. Ɗan fari ne, shekara talatin sunan bai taɓa fita daga bakin 'Yar'azumi ba. Ta tuna ƙafafunsa cikin yagaggen takalmi, ta haɗiye kunyar.

"Umara. Umara Inuwa."

Wani mai kaki ya rubuta.

"Za a duba," in ji Janar.

* * *

Juma'a ta zo, shiru. Ta biyu ma haka. 'Yar'azumi ta shiga ɗaki ta fito, ta ɗauki tsintsiya ta ajiye.

"Sake dubawa, ko sabis ne."

"Inna, shafin ma babu shi."

Ranar Lahadi wani abokin aikin Umara ya kira, murya ƙasa-ƙasa. An ƙwace wayar Umara, an kulle shi, za a kai shi kotun soja. Wai ya ɓata sunan aiki.

"Shekara guda suna nemansa, ba su same shi ba," in ji shi. "Ko wane munafuki ne ya tona?"

Nuriyya ta katse kiran. Ba ta dubi kowa ba.

Bayan la'asar mota ta tsaya a ƙofar gida. Aka sauke buhun shinkafa, aka ce Janar na gaishe da Inna, yana godiya. Inda aka jingine shi a zaure, nan ya zauna. Kaji suka gano wata 'yar kafa a gindinsa, suna ta tsattsaga, ba wanda ya kore su.