Bencin Baya

A majami'armu akwai wani benci can baya, kusa da ƙofa, inda ake jingine tsintsiya da bokiti. Nan ake zaunar da wanda aka sa wa horo. Ba ya cin jibin Ubangiji, ba ya matsowa gaba ko da me ya faru, kuma duk wanda ya shigo sai ya kalle shi.

Auta mai ɗinki ce, ita kaɗai ke jinyar mahaifiyarsu tun da ɓarin jikin tsohuwar ya shanye. Ita ke juya ta kada bayanta ya yi gyambo, ita ke wanke ƙazanta, ita ke ɗura mata abinci da cokali. Ba a barin tsohuwar ita kaɗai, don yawunta ma kan shaƙe ta. Sauran ranaku maƙwabta kan leƙo. Ran Lahadi kuwa kowa ya yi kwalliya ya tafi yi wa Allah sujada, babu mai zama da mara lafiya. Dole Auta ta daina zuwa.

Yayanta dattijon majami'a ne, Dokoki Goma a bakinsa kamar ruwa. Idan ya je duba uwar tasa, a bakin ƙofa yake tsayawa da hankici a hanci, ya jefa addu'a daga nan ya juya. Shi da bakinsa ya kai ƙarar ƙanwarsa gaban dattawa, wai ta karya doka ta huɗu, ta kiyaye ranar hutu, har an gan ta tana shanya zannuwan gado ran Lahadi. Aka yaba masa, aka ce ga mutumin da ba ya son kai. Ita kuwa aka sa mata horon bencin baya.

"Yaya, to ka turo matarka ta zauna da Mama Lahadi ɗaya mana, ni in zo," in ji Auta.

"Au, so kike ita ma ta karya dokar?"

Ana cikin haka tsohuwar ta rasu a hannun Auta. Ana gobe jana'iza ta je ta durƙusa gaban Fasto.

"Baba, don Allah gobe kaɗai. A bar ni in zauna kusa da akwatinta."

Fasto ya kalli Dattijo, yayan nata. Dattijo ya gyara zama.

"Idan muka sassauta wa ta gidana, me za mu ce wa 'ya'yan wasu? Doka doka ce."

Haka aka yi jana'izar, Auta na can kusa da bokiti. Dattijo ya hau bagade ya yi bayanin doka ta biyar, ta girmama iyaye, har da hawaye, mata suna ta share ido. Ni dai ban taɓa jin na tsani mutum a cikin ɗakin Allah ba sai ranar. Da aka kira dangi su ga fuskar mamaciya kafin a rufe, Auta ta miƙe. Mai tsaron ƙofa ya gitta mata hannu. Ta yi ɗage, ta leƙa ta nan, ta leƙa ta can, ba ta ga komai ba sai ƙeyar mutane. Ta ji ƙarar murfin.

Tun daga nan ba ta ƙara fashin sujada ba. Wa ya rage mata da za ta juya? Bayan 'yan makonni Dattijo ya tashi lokacin sanarwa, fuskarsa cike da fara'a.

"'Yan'uwa, kun dai gani, horo magani ne. Ɓatacciyar tunkiya ta dawo, ta tuba. Taso, ƙanwata, zo gaba."

Majami'a ta ɗauki tafi, wata har da guɗa. Aka riƙo hannunta aka kai ta sahun farko, daidai wurin da ta roƙa. Ta zauna tana kallon siminti a gabanta, inda aka ajiye akwatin ran jana'iza, an share shi tas.